Kunkuru a kan Kafet

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. Duk abokin da ya shigo ɗakina, kafin ya gama sallama idonsa ya sauka kan kafet ɗin da ke naɗe a bayan ƙofa, sai ka ji, "Kai Kabiru, tafiyar nan ta yi kyau ke nan! Ba mu labari mana." Na gaji da cewa lafiya lau, domin ba lafiya lau ba ne. To ga labarin nan na rubuta gaba ɗayansa, wanda ya karanta don Allah ya ƙyale ni.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni malamin kwamfuta ne a wata cibiya a Kano, ina koya wa yara yadda ake ba mutum-mutumi umarni. Sunan ne dai mutum-mutumi, amma abin bai yi kama da mutum ba, 'yar mota ce kamar an kife kwanon sha, da taya biyu da batir. Yaro ba ya rubuta komai. A fuskar kwamfuta akwai tubala masu launi, kowanne da umarninsa: wannan ya ce tafi gaba daƙiƙa biyu, wancan ya ce juya dama, wani ya ce maimaita sau huɗu. Yaro zai jawo su ya ɗora wani kan wani kamar magini, ya danna, motar ta bi. Irin tamu ba ta da ido. Abin da aka ce mata shi take yi, ko da bango ne a gabanta.

Wadda ta gayyace ni sunanta Malama Habiba. A wani zauren malamai na waya muka haɗu. Tana koyarwa a wata makarantar kuɗi da 'yan kasuwar Hausawan Garwa suka gina, ana Faransanci ana Larabci, ita kuma malamar wucin gadi ce. Shekara guda ta yi tana naci wajen kwamitin makarantar a ba ta ɗaki ɗaya ta buɗe ajin mutum-mutumi. Da suka gaji da ita sai suka ce ta kawo gwani ya yi mako biyu da yara, sannan a nuna musu. In abin ya yi, ɗaki nata ne kuma za a tabbatar da ita a aiki. In bai yi ba, zangon nan ne nata na ƙarshe. Gwanin da aka samo shi ne ni, Allah Ya sawwaƙe.

Na tashi daga Kano da motoci uku a kwali, na kwana a Mubi. Da safe na hau acaɓa, muka bi hanyar duwatsu zuwa bakin iyaka, kwali a cinyata, haƙorana suna karo da juna. A ɓangarenmu tambaya ɗaya suka yi mini, wai abin yana tashi sama? Na ce ko tsalle ba ya yi. Suka ce in wuce. A ɓangaren Kamaru ne aka sha kallo. Jandarma ya zuba mini Faransanci, ni kuwa ban san ko zo in kashe ka ba. Sai ya juya Fillanci da ɗan acaɓana, shi kuma ya mayar mini da Hausa. Babbansu ya ce ba zan wuce da abin da ba su ga aikinsa ba.

Na buɗe kwamfuta a kan benci, na ɗora tubala biyu, gaba da juya dama, na sa su cikin na maimaita sau huɗu, wato motar ta yi kusurwa huɗu ta dawo inda ta tashi. Sai na ajiye ta a kan tabarmar da suke salla a gindin bishiya. Ta tafi, ta zo juyawa tayoyin suka riƙe a saƙar tabarma, ta juya rabi, ta miƙe ta je ta tunkuɗe butar babban. Ƙananan suka fashe da dariya, shi ya ɗaure fuska. Na ɗauke ta da sauri na kai ta kan simintin barandarsu, na sake dannawa, ta yi kusurwa huɗu cif ta tsaya. Dalilin ba wani boyayye ba ne. Motar ba ta san ta juya ko ba ta juya ba, lokaci kawai take ƙirgawa, saboda haka juyin da aka auna a kan siminti ba zai cika a kan abu mai riƙe taya ba. Babban ya ce da ɗan acaɓa ya gaya mini abin nan ya fi direbobinsu jin magana, ya buga mini hatimi. Ku riƙe zancen tabarmar nan, za mu dawo kansa.

A Gider na sauka na nemi abin kari. Na yi wa mai shayi Hausa, ya amsa mini da "Jam na?" Mu a Kano mun saba Bafulatani ne ke karya harshe ya yi tamu, a can kuwa Bahaushe ne ke lanƙwasa baki, kuma na ji abin a jikina. Ya miƙo mini burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa har ya yanke ni a dasashi. Tasharsu kuma, wadda suke kira ajans, sai an rubuta sunanka a takarda, in mota za ta tashi a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan aji. Ni da na saba da kokawar shiga mota na riga na danna kai tun ba a kira ni ba, aka fito da ni a gaban jama'a.

Zafin Garwa ba na ba da labari ba ne, sai wanda ya je. Ina sauka na tarar an turo mota daga gidan Alhaji Mamuda, shugaban kwamitin makarantar, dillalin atamfa. Na ce ai an kama mini ɗaki a otal. Da muka isa gidansa ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Ɗan Kano ya kwana a otal ina raye? Haba ɗana, kada ka sa kakana ya tashi daga kabari." Kakansa ne ya zo daga Kano da fataucin goro da baƙin yadi, ya zauna. Shi Alhaji sau ɗaya ya taɓa ganin Kano, amma unguwar kakansa a bakinsa take kullum, yana tambayata ko rijiyar nan tana nan, ko marinar nan tana nan, ni ina cewa suna nan alhali ban san su ba.

Mako biyu na yi a gidan nan ina cin abin da ban taɓa ci a gidan ubana ba. Giwan ruwa na Binuwai gasasshe, miyar yakuwa da suke kira folere, kunun gyaɗa da shinkafa a ciki. Dattijon nan da hannunsa yake zare mini ƙayar kifi ya turo mini tsokar. Ranar farko na kunna masa mota a kan tayil ɗin barandarsa, ta zagaya kujerarsa ta dawo, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Zan faɗa a fili, na so mutumin nan, har yau kuma bakina ba ya iya cewa mugu ne. Wannan ma yana cikin abin da ke cina.

Makarantar kuwa ta burge ni. Malami na shiga yara za su miƙe tsaye, maki a kan ashirin ake ba su ba ɗari ba, ranar Laraba kuma da azahar an tashi. Ni in yi bayani da Hausa, Malama Habiba ta juya wa waɗanda ba su ji ba da Faransanci, su kuma yaran in gardama ta kaure sai su koma Fillanci su bar mu a tsaye. Tun ranar farko suka raɗa wa motar suna Kunkuru. Malama Habiba gajeriya ce mai saurin tafiya, hijabinta kullum da farin alli, kuma kafin kwana uku ta fi ni sanin inda kowane yaro ya maƙale. A rana ta biyu direktan makarantar ya ja ni gefe ya rage murya kamar mai faɗin wani ciwo, ya ce, "Ka san 'yar mahauta ce ko? Ubanta yana nan a mayanka." Na ce to sai me? Ya yi murmushi kawai. Mu ma a gida mun san wannan rainin, amma na zaci inda Hausawa suke 'yan tsiraru za su rungumi juna. Ashe har shi kakanni suka ɗauro a kan jaki.

Ita ce ta kawo shawarar abin da za a nuna. Aka jera gwangwanayen madara a kan simintin ajin a matsayin gidaje, aka bar hanya mai lanƙwasa, kwana har shida, daga mayanka zuwa kasuwa, Kunkuru zai ɗauki kwalin ashana a matsayin nama ya kai ba tare da ya taɓa gida ko ɗaya ba. Wanda bai yi aikin ba zai ga wasa ne. Kowace kwana sai an gwada, a ƙara ɗan lokaci, a rage ɗan lokaci, a sake gwadawa. Wata yarinya Asma'u, 'yar shekara goma sha uku, ita ta riƙe littafin awon, kuma ita ta gano cewa kwana uku na tsakiya iri ɗaya ne, tubalin maimaitawa ɗaya ya ishe su. Ranar da ta gano haka ta yi ihu har direkta ya leƙo. Kwana goma suka yi a durƙushe a kan simintin nan. Ana gobe taro, Kunkuru ya yi tafiyar sau goma a jere bai taɓa gwangwani ba. Malama Habiba ta juya baya tana gyara hijabi, na san hawaye take sharewa.

Ranar Asabar da hantsi na iso makaranta, tun daga ƙofa na ji ƙamshin turaren wuta. Na shiga ajin na dubi ƙasa. An shimfiɗa kafet daga bango zuwa bango, jajaye masu kauri, ƙafa na nutsewa a ciki. Ma'aikata sun kwashe gwangwanayen sun mayar da su a kai, kowanne a daidai wurinsa, har suna jiran a yaba musu. A Garwa, in manya za su taru, babban cikinsu ne ke aiko da shimfiɗa daga gidansa, kuma ba a naɗe ta sai baƙon ƙarshe ya fita. Wanda ya taɓa ta kafin nan kamar ya ce wa mai ita ya tashi ya tafi ne. Na tsakiyar, wanda hanyar Kunkuru ta bi ta kansa, shi ne wanda Alhaji ya zo da shi daga Makka, ba a fito da shi sai ɗaurin aure ko suna.

Malama Habiba ta same ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, ka gani?"

Na ce, "Na gani."

"Ba zai juya ba a kan wannan. Tsakar gida rairayi ne, kuma ga su nan sun fara shigowa, babu lokacin sake awo. Malam, kai ne baƙo, kai ne ɗansa na Kano. In kai ka ce a ɗage na tsakiyar, dariya zai yi. In ni na faɗa, gobe duk Garwa za a ce 'yar Audu mahauci ta naɗe wa Alhaji shimfiɗa."

Na ce, "Kwantar da hankalinki, Malama. Yanzu zan yi masa magana."

Ban rufe baki ba sai ga Alhaji da manyan 'yan kasuwa a bayansa, babbar riga tana jan ƙasa. Ya kama hannuna a gabansu, fuskarsa cike da fara'a, ya nuna ƙasa ya ce, "Ɗana, yaya ka ga shimfiɗar? Na ce aikin ɗan Kano ba za a yi shi a kan siminti tsirara ba."

Maganar tana bakina, wallahi tana bakina. Na tuna butar jandarma. Sai kuma na tuna ƙayar kifi, na ga idanun mutum goma sha a kaina, na ga yadda fara'ar nan za ta gushe. An ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Na ji bakina yana cewa, "Masha Allah, Baba. Ban taɓa ganin kafet mai kyan wannan ba." Na yi wa kaina ƙarya cewa wataƙila abin ya yi.

Aka zazzauna. Can bakin ƙofa, inda kafet ya ƙare, wani dattijo siriri ya rakuɓe da faranti babba a rufe da takarda. Shi ne Baba Audu, mahaifin Malama, ya gasa tsire da hannunsa ya kawo wa baƙi. Asma'u ta yi bayanin tubalan da Faransanci ba gargada, ta ajiye Kunkuru, ta danna. Ya tashi da ƙyar kamar mai tafiya a laka. Bai kai kwanar farko ba ya fara juyawa, ya juya rabi, ya miƙe cikin gidaje. Gwangwanaye suka zube, kwalin ashana ya faɗi, shi kuma ya ci gaba da bin umarninsa ba ruwansa, har ya je ya cusa kai cikin babbar rigar wani Alhaji yana ta gurnani.

Aka yi dariya. Asma'u ta juyo gare ni, ta nuna ƙasa ta ce da ƙarfi, "Misye, tapi ɗin ne!" Misye shi ne malam, tapi kuma kafet a bakinsu. Direkta ya daka mata tsawa ta yi shiru. Alhaji ya sunkuyo ya ce, "Ɗana, me yarinyar take cewa?"

Allah Ya sake buɗe mini ƙofa, na sake rufewa da hannuna. Na ce, "Na'ura ce, Baba, wani lokaci takan yi gardama."

Ya ce, "A barandata ba ta yi gardama ba."

Aka sake gwadawa, na biyu ya fi na farko muni. Sai wani mai ƙaton rawani, wanda ko sunansa ban riƙe ba, ya ce yadda kowa zai ji, "A hannun gwani ya yi, a hannun ɗalibanta ya ƙi. Kowa dai da sana'ar gidansu."  Na ga Baba Audu ya tashi a hankali, ya sa takalmansa, ya fita ya bar farantin a wurin. Daga baya suka buɗe suka cinye tas, har suna yaba yajin. Kwamiti bai jira Litinin ba, bayan azahar direkta ya gaya mini an yanke. Motoci uku da na kawo za a kulle su a kabad ɗinsa, ɗaki zai koma wurin ajiyar tsofaffin bencina, Malama kuma ta ƙarasa zangonta.

Washegari na tashi da niyyar in faɗa wa Alhaji komai, ko da zai kore ni. Na same shi a baranda, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, akwai maganar kafet ɗin jiya." Ya ɗaga hannu yana murmushi, ya nuna mini mota. Kafet ɗin yana can a kanta, a naɗe, an ɗaure da igiya. Ya ce, "Na riga ka. Abin da baƙo ya yaba nasa ne, haka muka gada. Ka kai shi Kano, ka ce Mamuda jikan mai goro ne ya ba ka. Kada ka damu da na jiya, kai ka yi naka." Me kuke zato na ce? Na ce na gode, Allah Ya ƙara girma. Sau uku ke nan.

A ajans ana shirin kiran suna sai ga Malama Habiba da ƙunshin kilishi. Ta ce, "Baba ya ce a ba ka, baƙo ba ya komawa hannu rabbana."

Na kasa kallonta. Na ce, "Malama, ki yafe mini."

Ta dubi kafet ɗin da ake ɗorawa a saman mota, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Na yafe, Malam. Ka ci abincin gidan, na sani. Sai dai Asma'u ta ba ni saƙo. Ta ce tunda kai ka ce ba tapi ba ne, in tambaye ka wane tubali ta ɗora ba daidai ba, tana so ta gyara a littafinta."

Aka kira sunana. Wannan karon ban yi rigimar shiga ba, sai da aka kira sau biyu.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai kafet a kan acaɓa cikin duwatsu azaba ne, kuma na ga ya dace da ni. Babban jandarman nan ya gane ni, ya tambayi motar mai jin magana, na ce na bar ta a Garwa. Ya shafa kafet ɗin ya ce lallai mutanen Garwa sun karrama ni.

Da na iso Kano na ɗauko wata motar a cibiyarmu, na ɗora tubalan Asma'u yadda suke, ban canja ko ɗaya ba. Na shimfiɗa kafet a rabin ɗaki na bar rabi siminti, na jera gwangwanaye. A siminti Kunkuru ya kai nama kasuwa, a kafet ya rushe gidaje. Na ɗauki bidiyon duka biyun, na yi bayani dalla-dalla, na ce laifina ne, na aika wa Alhaji. Ashe jarumtakata sai da iyakar ƙasa a tsakani take fitowa. Na aika wa Malama ma don ta nuna wa Asma'u, ta amsa da kalma ɗaya, "Na gani." Yanzu dai zango ya riga ya ƙare, tana Gider tana buga wa mutane takardu a wani shago.

Bayan kwana biyu amsar Alhaji ta shigo, da muryarsa mai daɗin nan. Ya ce, "Masha Allah ɗana, na ga kafet ya isa Kano lafiya, har ka shimfiɗa. Allah Ya sa ka more shi." Ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane sarai. Ranar na naɗe shi na jingine a bayan ƙofa, ban sake shimfiɗawa ba.

Saboda haka in kun shigo ku zauna a siminti. Kuma don Allah kada wanda ya sake ce mini yana da kyau, na riga kowa faɗa.